Gurasar da Elmurod Ya Gatsa

Ni ce Mastura mai shayi a ɗakin cin abinci na jami'ar garinmu, nan kwarin Fargana. Tun da ƙuruciyata nake bakin wannan tukunyar, ga shi yanzu gwiwoyina sun fara yi mini gardama. Duk wanda ya yi karatu a nan ya sha tsawata kafin ya sha shayina, kuma ban ga dalilin ba wa kowa haƙuri ba. To amma ba labarina zan ba ku ba. Labarin Tursunoy-opa ne, mai sharar tsakar jami'a, wadda muka yi shekara da shekaru muna faɗa da safe muna shiryawa kafin azahar.

Gajeriyar mace ce, busasshiya, kullum da ɗankwali mai furanni ɗaure ta ƙeya da takalmin roba har ƙwauri. Opa nake ce mata, wato yaya, don ta girme ni, ba don ta fi ni hankali ba, kuma na sha gaya mata haka ido da ido. A ƙauye ta tashi, ta fara tsinkar auduga tun tsayinta bai wuce na itacen ba. Mijinta ma'aikacin injin gurzar auduga ne, ƙurar wurin ta cinye masa ƙirji a hankali, ya rasu ya bar ta da yaro ɗaya, Elmurod. Dangin mijin suka ce ta zauna su riƙe ta, ta ce ba ta iya cin abincin da ake ƙirga mata loma ba. Ta ɗauko yaron ta shigo birni, ta kama ɗaki a bayan tashar jirgin ƙasa, ta karɓi tsintsiya a jami'a. Da wannan tsintsiyar ta ciyar da shi har ya yi gemu.

Gemun ya fito, aiki bai fito ba. Elmurod ya zaga garin nan kaf, daga masaƙa zuwa kasuwar kayan miya, kowa sai ya ce masa ya leƙo wani lokaci. A ƙarshe ya bi sahun sa'o'insa zuwa Rasha aikin gini. Ina gidan ranar da zai tafi. Tursunoy ta gasa gurasa a tanderun maƙwabta, ta zaɓi wadda ta fi kyau, ta miƙa masa da hannu biyu. Ya yi bismilla ya gatsa, gurbin haƙoransa ya fito ras a gefenta, don Allah ya ba yaron nan haƙora jere kamar ƙwayar masara. Ta karɓe sauran, ta zura zare ta tsakiya, ta rataye a ƙusa can saman bangon ɗakinta.

"Rabonka ga shi nan yana jiranka," ta ce. "Duk inda ka shiga, shi zai jawo ka. Ka dawo ka ƙarasa."

Haka iyayenmu suka yi wa masu tafiya yaƙi, haka mu ma muke yi wa masu tafiya ɗaukar siminti. Gurasar ta bushe a bango ta zama kamar katako, shekaru suka yi ta wucewa. In ya kira a waya, maganar dai ɗaya ce. "Ona, ki samo mini aiki a gida, ko na kwasar kashin jaki ne, ki ga in ban hau jirgi ba." Ona shi ne uwa a yarenmu, kuma haka yake ce mata kullum. Ita kuwa ina za ta samo? Mai shara ce, iyakar ikonta inda tsintsiyarta ta kai.

Ana nan sai Domla Sanjar ya dawo daga wani taro kansa cike da dabara. Malamin noma ne, shi ya sa muke ce masa Domla, wato malam, matashi, siriri, tabarau kullum yana zamo masa a hanci. Ya ce sharar jami'ar nan ba shara ba ce, dukiya ce muke loda wa mota tana kai wa bola. Na ce, "To, Domla, Allah ya nuna mana dukiyar da ranmu." Aka kawo kwanduna masu murfi, aka jera su huɗu-huɗu a ƙofar ɗakin cin abinci da bakin ɗakunan kwanan ɗalibai. Shuɗi na takarda da kwali, rawaya na roba, kore na kwalba, sai mai ruwan ƙasa na ragowar abinci. Takarda da roba wani kamfani zai riƙa aiko mota ta kwasa. Ragowar abinci kuwa rami aka haƙa mata a bayan gonar gwaji, don ta ruɓe ta zama takin itatuwan tuffa. Aka ba Tursunoy wata rumfa kusa da ramin, aka ce ita ce mai tsincewa da rabewa.

Mirzohid, mai kula da kayan jami'a, wanda muke ce wa Mirzohid-aka don girmamawa, bai so abin ba tun farko. Mutum ne mai tumbi da tarin makullai a ƙugu, kana jin tahowarsa kafin ka gan shi. Amma tunda daga sama aka yarda, sai ya gindaya sharaɗi a gabanmu. In motar kamfani ta ci gaba da zuwa har bikin Nawruz da muke yi in sanyi ya wuce, kuma ramin ya ba da taki, za a sayi babur mai ƙafa uku na ɗaukar kaya, a ɗauki namiji guda aikin dindindin. In kuwa abin ya watse, zai kulle kwandunan a sito, kowa ya huta.

Tursunoy ta jingine tsintsiyarta. "Mirzohid-aka, namijin nan da za a ɗauka, dole sai mai takardar makaranta?"

"Takardar me? Mai ƙarfi dai, wanda ba ya ƙyamar wari."

"Ina da shi."

Ya dube ta sama da ƙasa, ya tuntsire da dariya har makullan suna kaɗawa. "Opa, ki kai abin nan Nawruz tukuna. In kin kai, ni da hannuna zan miƙa wa ɗanki makullin babur."

Daga ranar matar nan ta zama wata iri. Kafin in hura wuta tana bakin rumfarta. Ta taka gorunan lemo da ƙafa su lanƙwashe, ta cire musu marufa, ta ɗaure kwali dami-dami da igiyar da ta tsinto. In ta zo shan shayi ba ta da hira sai ta roba da kwalba, har na ce mata ta rufa mini asiri, ni ban auri kwandon shara ba. Ta ce da na aura da na fi haka tsafta. Kun ji irin bakinta.

Abin da ya tashi kashe aikin kuwa, wallahi ba wanda ya hango shi, har ni da nake ganin na fi kowa ido. Gurasa ce.

Ka ga ɗalibi ya fito da faranti ko leda, ga ragowar shinkafa, ga ƙashi, ga ɓawon kankana, ga guntuwar gurasa. Ya zo gaban kwando mai ruwan ƙasa ya tsaya. To wane ɗan halak ne zai jefa gurasa cikin shara? Mu da ko kifa ta ba ma yi, in ta faɗi ƙasa mu ɗauka mu sumbata mu kai goshi? Sai ya waiga hagu da dama yana neman wuri mai ɗan tudu, babu sai murfin kwandon. Ya ɗora ta a kai a hankali. Na bayansa ya zo ya tarar da gurasa a kan murfi. In ya ɗaga murfin gurasa za ta zube ƙasa, shi kuwa ba da shi za a yi wannan ba. Sai ya ɗora tasa kusa da ta farko, ya buɗe kwandon da ke gefe, shuɗin nan na takarda, ya juye miyarsa a ciki. Kafin la'asar kwandon abinci wayam yake, ko ƙashi babu, murfinsa ya yi tozo da gurasa, takarda kuwa ta jiƙe sharkaf da man kitse.

Motar kamfani ta zo, direban ya zura hannu cikin buhu ya fito da shi yana maiƙo. "Wannan takarda ce ko sambusa?" ya ce. Ya goge hannun a wandonsa, ya ja motarsa ya tafi ba komai a bayanta.

Domla Sanjar ya tara ɗalibai ya yi musu dogon jawabi. Ya ce gurasar da ta zama taki ba wulaƙanta ta aka yi ba, daga ƙasa alkama ta fito, ƙasa za ta koma. Suka tafa masa raf-raf. Washegari da safe da idona na gan shi ya fito daga ɗakin malamai da guntuwar gurasa a hannu. Ya tsaya gaban kwandon, ya ɗaga murfin, ya daɗe yana kallon ciki. Sai ya mai da murfin, ya ɗora ta a kai. Na leƙo ta taga na ce, "Domla, daga ƙasa ta fito fa!" Kunnuwansa suka yi ja. "Mastura-opa, hannun ne ya ƙi," ya ce. Ban ƙara masa ba, don ni ma nawa hannun ƙi zai yi.

Tursunoy ta ɗauki buhu ta fara zagaye tana kwashe gurasar daga kan kwandunan. Ta kwashe na nan, kafin ta kai ɗakunan maza an sake ɗorawa. Ita ɗaya ce, kwanduna kuwa sun watsu ko'ina cikin jami'a. Ta yi lallashi, ta yi faɗa, har ta kai ga bin wani ƙaton ɗalibi ɗan kokawa da tsintsiya, shi yana gudu yana dariya. Domla ya ce to a ƙara kwando na biyar, na gurasa zalla. Aka kawo shi fari tas, aka rubuta masa suna da manyan baƙaƙe. Me kuke tsammani? A kan murfinsa suka riƙa ɗorawa. Na yi dariya har na riƙe ciki, sai da na ga fuskar Tursunoy sannan na haɗiye sauran.

"Kwando kwando ne," ta ce da ni tana shan shayi a tsaye. "Ko da zinariya aka ƙera shi, a ƙasa yake, kusa da shara. Gurasa sama take so, kuma kan ƙyalle."

Ta je ta zauna wa kafintan jami'a a ka, sai da ya kafa mata doguwar kanta a bangon zauren shiga ɗakin cin abinci, daidai ƙirjin mutum. Ta ɗauko dasturhon ɗin aurenta, farin ƙyallen nan da take jera wa baƙi abinci a kai, ta shimfiɗa. Ta kuma taka har bayan gari wurin wani mai shanu, Norkozi, suka ƙulla magana. Ita za ta shanya masa gurasar ta bushe ya ba shanunsa, shi kuma ya riƙa kawo mata kashinsu na haɗa taki. Wannan kam ta yi dabara, na yarda, ko da yake ban gaya mata ba.

'Yan mata suka fara kawowa. Maza kuwa, ko oho! Wa zai tako daga ɗakin kwana har zaure cikin sanyi saboda guntuwar gurasa, alhali ga murfi a ƙofarsa? Su a ganinsu ai sun girmama ta, tunda ba a ƙasa suka yar ba. Tun ƙarshen kaka kuma wayar Elmurod ta ragu, in ya kira ma maganarsa ta canja, kamar mai magana da ruwa a baki. Ta ce da ni layin ne ba kyau. Ni dai jikina bai ba ni ba.

Ƙanƙara ta fara sauka. Mota ta sake zuwa ta sake komawa, direban ya ce in ya ƙara tarar da haka kada a sake kiransa. Na je rumfar na kai mata shayi, na same ta tsugune tana ɓanɓare takarda daga daskararren kitse, hannuwanta duk sun tsage suna jini. Na ce, "Opa, haba! Ki bar wahalar nan. Ina da ɗan uwa mai gasa nama a kasuwa, sai in yi masa maganar Elmurod." Ta ce ɗan uwan nan nawa ai shi ma 'ya'yansa biyu suna Rasha, in fara yi musu maganar tukuna. Na ajiye mata butar na fito ina huci, don gaskiya ta faɗa.

Da yamma Mirzohid-aka ya shigo yana kaɗa makullai, ya same ta a wurina. "Opa, na share wa kwandunanki wuri a sito. Ki ce da yaron ya riƙe aikinsa na can da kyau." Ta shanye shayinta, ta kife kofin, ta fita.

Da safe ta shigo zaure da wani abu naɗe cikin tawul a ƙirjinta, ga guduma a ɗaya hannun. Ta warware a kan kantar. Ina ganin zaren da gurbin haƙoran nan, na gane ta.

"Opa! Kin haukace? Gurasar Elmurod ce wannan!"

"Na san ta, ni na gasa ta."

"Kika sauke ta daga bango? Kika fito da rabon yaro daga ɗakin uwarsa yana can wata uwa duniya? Wa kika taɓa ji ya yi haka?"

"Riƙe mini kujerar nan."

"Ba zan riƙe ba! Ki mayar tun kafin wani ya gani. In wani abu ya same shi fa?"

Nan ta juyo ta dube ni. Idonta ya kawo ruwa, amma muryarta ko rawa ba ta yi. "Mastura, shekara nawa tana rataye a ɗakina? Me ke cikin ɗakin da zai dawo ya ci? Bango? An ce inda take, nan take jawo mai ita. To nan nake so ta jawo shi, nan aikin yake. Ki riƙe kujera ko ki matsa."

Na riƙe. Ina mita, amma na riƙe. Ta hau, ta kafa ƙusa a saman kantar, ta rataye gurasar, ta sauko ta ɗauki buhunta ta tafi rumfa. Ba ta ce in yi wa kowa bayani ba.

Da rana ɗalibai suka kwararo da hayaniyarsu kamar kullum. Ina cikin ɗaki na ji surutun yana mutuwa tun daga ƙofa. A garin nan ka nuna mini gidan da ba shi da uba ko wa ko kawu a Rasha. Rabin yaran nan sun bar irin wannan gurasar a bangon gidajensu, ba mai buƙatar a gaya masa ko mece ce. Ƙaton ɗan kokawar nan da ta taɓa bi da tsintsiya ya tsaya a ƙarƙashinta ya daɗe. Tana shigowa ɗaukar ɓawon karas daga kicin ya tare ta.

"Hola," ya ce, yadda ɗalibai ke kiran duk wadda ta isa haihuwarsu, "ta wa ce wannan?"

"Ta ɗana ce."

"Yana ina?"

"Inda babanka yake."

Ya sunkuyar da kai. "To me ya kawo ta nan?"

"In motar takarda ta ci gaba da zuwa, zai sami aiki ya dawo ya ƙarasa ta. In ba ta zo ba, sai ta ci gaba da jira." Ta ɗauki bokitinta. "Matsa, ka tare mini hanya."

Bai ci abinci ba ya fita. Can sai ga shi da hularsa a hannu cike da gutsattsarin gurasa da ya kwaso daga kan kwandunan ɗakunansu, kansa duk ƙanƙara. Ya jera su a kan ƙyallen ɗaya bayan ɗaya, kowace fuskarta sama.

Kada ku ce washegari komai ya gyaru. Ina! Akwai masu mantuwa, akwai malalata, akwai waɗanda in ba su jefa ƙashi cikin kwandon kwalba ba ba sa jin daɗi. Tursunoy ba ta ajiye buhunta ba ko sau ɗaya. Amma yanzu in wani ya ɗora gurasa a murfi, na kusa da shi zai ce, "Kai, ƙafarka ta karye ne? Kai ta wurin Elmurod." Haka sunan kantar ya koma, wurin Elmurod, har a bakin waɗanda ba su san ko wane ne shi ba. Kwandon abinci ya fara buɗuwa, ɓawo da ƙashi suka riƙa shiga inda aka yi dominsu. Mota ta zo, direban ya zura hannu, ya shinshina, ya ce a loda. Norkozi ya riƙa zuwa da amalanken jakinsa, ya sauke kashin shanu ya ɗauki busasshiyar gurasa. Ramin ya fara tururi cikin sanyi, Domla ya tsaya a bakinsa yana washe baki kamar an yi masa haihuwa.

Ita kuwa Tursunoy ramewa ta yi. Ta ce mini in ta koma ɗaki ta ga ƙusar nan tsirara a bango, abinci ba ya wuce mata. In wayarta ta yi ƙara sai ta yi addu'a kafin ta ɗauka. Wata rana muka ga gurasar ta yi 'yar tsaga daga gefe, ashe tururin tukunyata da ke kusa da ƙofa ne ke dukanta. Wallahi ranar na ji tsoro na gaske. Na ja tukunyar nan da na yi shekaru ban gusar da ita ba, na kai ta can ƙarshen ɗaki. Ɗalibai suka fara ƙorafin ta yi nisa, na ce wanda ba zai iya takowa ba ya sha ruwan famfo.

"In wani abu ya sami yaron nan, ni ce," ta ce da ni muna kallon tsagar. "Na sani."

"To ki mayar mana. Ai sun riga sun saba."

"Ba su saba ba. Sai Nawruz."

Ƙanƙara ta narke, itatuwan tuffa suka fara toho. Ana gab da bikin aka buɗe ramin farko. Taki ya fito baƙi wuluk, mai laushi, ba wari sai ƙamshin ƙasa in an yi ruwa. Mirzohid-aka ya zo ya tsuguna da ƙyar, ya damƙa, ya murza a tafinsa. Ya miƙe yana nishi, ya dubi tarin kwalin da ke jiran mota, ya dube ta.

"Wai ke opa, da me aka yi ki?"

"Da abin da aka yi uwarka. Ina makullin?"

Ya yi dariya har da tari. "Kira shi. Amma ki gaya masa ni ba na son makara."

Ta kira shi, ta ce in ya sauka daga jirgi kada ya bi ta gida, ya zarce jami'a. Ranar da ya iso, da hantsi, ina cikin zuba shayi na hango wani dogo a tsaye a zaure da jaka a kafaɗa, ya ƙura wa bango ido. Ya rame sosai, sai da na sake duba sannan na gane shi. Na aika aka kira ta. Ta zo a guje da takalmin robanta duk taki, ta rungume shi, kanta ko kafaɗarsa bai kai ba. Ita tana ta zuba tambaya, shi yana amsawa da ka, hannunsa a baki. Kafin mu ankara ɗalibai sun cika zauren.

Ta jawo kujera, na riƙe mata ba tare da ta ce ba. Ta sauko da gurasar, ta tsinke zaren, ta miƙa masa da hannu biyu. Ya karɓa, ya sumbata, ya kai goshi. Ya tsaya yana kallon gurbin haƙoran nan nasa jere ras a gefenta. Sai ya yi ɗan murmushi, muka gani. Haƙoransa na gaba na sama babu su, leɓen kuma ga tabon ɗinki.

"Daga saman gini na faɗo," ya ce. "Ban so ki sani ba, ona."

Fuskarta ta yi fari fat. Na san abin da ke ranta, don shi ne a raina. Ta cafki hannun rigarsa.

"Yaushe? Kafin ƙanƙara ko bayanta?"

"Ona, ai ya wuce."

"Ka gaya mini!"

"Kafin. Ganye ma bai gama zuba ba."

Ta zauna a kan kujerar. Tunda nake da matar nan ban taɓa ganin kukanta ba sai ranar, kuma ni ma ban tsaya kallo ba, na taya ta.

"Ashe tana ɗakina ka faɗo," ta ce. "Da na sani, da tun tuni na fito da ita."

Domla Sanjar ya matso kusa da ni yana kallon ƙusar. Ya ce a hankali, yanzu da aka sauke ta, me zai riƙe yaran? Ɗan kokawar nan da ke bayanmu ya ce kada a cire ƙusar, in ya je gida hutu zai roƙi uwarsa ta ba shi gurasar babansa a rataye a nan.

Gurasar ta yi tauri, ko mai haƙora talatin ba zai iya da ita ba. Na kawo babban kwano, na cika shi da shayi mai zafi, na zuba sukari ban auna ba. Tursunoy ta kakkarya ta a ciki da hannuwan nan nata masu tsaga, ta jira ta jiƙa, ta tura masa kwanon. Ya zauna a gaban kantar ya ci, ɗalibai suna tsaye suna kallo, har ya ɗaga kwanon ya shanye. 'Yan ɓurɓushin da suka zuba a kan ƙyalle ta tsince da yatsa ta zuba masa a tafin hannu, ya lashe.

Ta goge idonta da bakin ɗankwali, ta miƙe ta ɗauki buhunta.

"To, ka ƙarasa," ta ce. "Ajiye jakar wurin Mastura. Rami na biyu yana jiran a juya shi."